Ina furodusa yake mayar da kuɗinsa yanzu?

Malam, ka tambaya yadda mai shirya fim a Kannywood yake mayar da kuɗinsa tunda kasuwar faifai ta mutu.

Da can, furodusa zai biya marubuci da darakta da jarumai, a fita lokeshan, a tace hoto da sauti, sannan a kai wa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. In ta amince, sai dillalan Ƙofar Wambai su buga su rarraba har Nijar da Ghana. Masu satar fasaha da masu tura fim a waya suka karya wannan tsarin.

Yanzu kuɗin yana YouTube. Shi ya sa kowa ya koma fim mai dogon zango, ana sakinsa mako-mako. Tasha a YouTube ba ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma kallon da aka yi daga Najeriya bai kai na Turai ko Amurka kuɗi ba. Dole ake cusa tallan 'yan kasuwa a tsakiyar shiri, ko da yana gundurar mai kallo. Wasu kuma tashoshin talabijin irin Arewa24 suke sayar wa.