Kwana goma a Suwidin: garuruwa nawa za mu iya gani ni da maigida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun cika shekara 20 da aure, muna so mu je Suwidin buɗe ido na kwana goma a farkon watan Yuli. Ya rubuta garuruwa biyar: Stockholm, Uppsala, Göteborg, Malmö, da Kiruna ta can arewa don mu ga hasken nan mai launi-launi da ke fitowa a sama da dare. Ni kuwa gajiya nake tsoro, da batun abinci da lokutan salla. Yaya za mu tsara tafiyar? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya kai ku lafiya.

Ki ba Alhaji haƙuri ya soke Kiruna. Hasken da yake son gani sai da duhu, kuma a Kiruna rana ba ta faɗuwa ko kaɗan daga ƙarshen Mayu har tsakiyar Yuli. Lokacin ganinsa daga Satumba ne zuwa Maris. Ga nisa, jirgin ƙasa daga Stockholm yakan ci awa 15 ko fiye. Zuwa da dawowa sai ya cinye muku kwana uku, a ƙarshe ba a ga abin da aka je nema ba.

Sauran huɗun suna yiwuwa, amma kada ku raba musu kwanaki daidai wa daida. Rabin tafiyar na Stockholm ne. Ku kama masauki ɗaya na kwana biyar, ku ajiye akwatuna ku huta da ɗauka. Birnin yana zaune a kan tsibirai 14, da gadoji fiye da 50 a tsakaninsu, saboda haka ba gari ba ne da ake gamawa da leƙe ta tagar mota. Ranar farko ku shiga Gamla Stan, tsohon garin, da ƙafa. Lungunansa na duwatsu ne, akwai wanda faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, kuma a nan fadar sarki take mai ɗakuna sama da 600. Ki sa takalmi mara tsini, duwatsun nan ba sa ragawa ƙafa.

In da abu ɗaya za ku gani a ƙasar gaba ɗaya, ni gidan tarihin Vasa zan zaɓa muku. Jirgin ruwan yaƙi ne da Sarki Gustav II Adolf ya sa aka ƙera, tsawonsa mita 69, ɗauke da igwa 64. Ranar 10 ga Agusta 1628 aka sake shi tafiyarsa ta farko, jama'a sun cika bakin ruwa suna kallo. Bai wuce mita 1,300 ba iska ta kaɗa shi ya karkata, ruwa ya kwarara ta ƙofofin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse da mutum wajen 30. Samansa ya fi ƙasansa nauyi, shi ne dalili. Shekara 333 ya yi a ƙarƙashin ruwa kafin a ɗago shi a 1961, kuma katakonsa ya tsira ne don ruwan tekun Baltik ba shi da gishiri sosai, tsutsar da ke cin katakon jirgi ba ta rayuwa a cikinsa. Hoto ba ya nuna girmansa, sai mutum ya tsaya a gindinsa ya ɗaga kai. Ku je da safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, ku ba shi awa biyu cur. Skansen tana kusa, a tsibiri ɗaya, inda tun 1891 ake tattaro tsofaffin gidajen ƙauye daga sassan ƙasar. Wata ranar kuma ku leƙa zauren birni da aka kammala a 1923, inda ake walimar kyautar Nobel kowace 10 ga Disamba.

Uppsala ba ta bukatar kwana. Minti 40 ce a jirgin ƙasa, ku je da hantsi ku dawo da yamma. Jami'arta ta 1477 ita ce mafi tsufa a ƙasashen arewacin Turai na yankin, ga babbar majami'a mai hasumiya kusan mita 119.

Daga nan sai Göteborg, awa uku a jirgin ƙasa na kamfanin SJ. Ku sayi tikiti da wuri ta intanet, don kuɗinsa yana hawa in ranar tafiya ta matso. Kwana biyu sun isa. An kafa garin a 1621, mutanen Holan ne suka haƙa masa magudanan ruwan da ke ratsa tsakiyarsa, kuma nan ne mahaifar motar Volvo. Ku zauna a unguwar Haga ku yi abin da suke kira fika, wato a dakata da komai a sha gahawa da burodi mai kirfa. Na Haga ya kai girman faranti, guda ɗaya ya ishe ku ku biyu.

Malmö za ta ɗauki ragowar kwanakin. Ga dogon benen nan mai murɗewa, Turning Torso, mita 190, ga kuma gadar Öresund da aka buɗe a 2000, wadda jirgi ke bi ya kai ku Kopenhagen ta Danmak cikin minti 40. Shawarata ku yanki tikitin jirgin sama mai sauka a Stockholm, mai tashi daga Kopenhagen, ku huta da komawa baya na awa huɗu da rabi. Bizar Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, guda ɗaya ta wadatar muku a Suwidin da Danmak, amma ta Suwidin za ku nema tunda can za ku fi daɗewa, tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000.

Batun abinci yana bukatar lura. Ki haddace kalmomi uku: fläsk, gris da skinka, duk alade suke nufi. Dunƙulen naman nan nasu da ya yi suna, köttbullar, sau da yawa haɗin naman sa ne da na alade, kada ku ci sai kun tambaya. Kifi kuwa ga shi nan a wadace, musamman a Göteborg, kuma a unguwar Möllevången ta Malmö gidajen abinci na halal ba sa ƙirguwa. Ruwan famfo mai tsabta ne, ana sha. Ki ƙulla yajinki a jaka, girkinsu ba barkono.

Salla ita ce za ta fi ba ku mamaki. A farkon Yuli rana tana faɗuwa a Stockholm wajen ƙarfe goma na dare, ta fito kafin huɗu na asuba, kuma sararin sama ba ya yin duhu sosai a tsakani. Manhajojin waya sukan saɓa wa juna kan isha'i da asuba, don haka ku bi jadawalin masallacin garin da kuke. Babban masallacin Stockholm yana unguwar Södermalm kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Medborgarplatsen, tsohuwar tashar lantarki ce aka mayar masallaci a 2000. Ku sa Juma'a ta same ku a can. Kafin ku tashi, Alhaji ya zauna da malaminku kan kasaru da haɗa salla, ku tafi da amsa a hannu. Ki kuma tabbatar ɗakinku yana da labule mai kauri, in ba haka ba barci zai yi wuya.

Kuɗinsu krona ne, ba yuro ba, kuma shaguna da yawa ba sa karɓar tsaba, har bas ɗin cikin gari. Ku riƙe kati biyu na bankuna daban-daban, ɗaya a hannunki ɗaya a hannun Alhaji, ku tabbatar suna aiki a ƙasar waje tun kuna gida. Rigar sanyi mara nauyi da lema su shiga akwati, don ko a Yuli yamma takan zo da iska da yayyafi.