Motata tana shan baƙin mai, dole ne sai an sauke inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005. Kwanan nan baƙin mai yana raguwa tun kafin lokacin sabis, idan na tsaya a danja sai ta riƙa rawa kamar za ta mutu, kuma mai yana tsattsafowa ta gefen murfin inji. Makanikina ya ce sai an sauke inji an canza ringi, ni kuwa ba ni da wannan kuɗin yanzu. Akwai wata mafita? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a kwance maka inji tukuna. Alamomin nan uku da ka lissafa, akwai wani ɗan bawul da bai fi babban yatsa ba wanda shi kaɗai yana iya haddasa su duka. Ana ce masa PCV, kuma a injin 1ZZ-FE da ake samu a irin motarka, ɗaure yake a jikin murfin saman inji, da tiyon roba a bakinsa.

Ga aikinsa. Duk lokacin da fetur ya ƙone, ɗan hayaƙi yakan kuɓuce ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake. Ko sabon inji yana yin haka. Motocin da aka ƙera kafin shekarun 1960 a titi suke fesar da shi ta wani bututu, daga baya aka ƙirƙiro wannan bawul domin ya mayar da hayaƙin cikin inji ya sake ƙonewa. Idan ya toshe, iskar ta rasa hanyar fita, sai ta tura mai ta gaskit da sil, har ka tarar da mai a gidan matatar iska. Idan kuma ya maƙale a buɗe, sai inji ya zuƙi iska fiye da kima tare da feshin mai, silo ya lalace, wato inji ya riƙa rawa idan mota tana tsaye, mai ya riƙa ƙarewa ba ka ga inda ya zuba ba.

Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Bari inji ya huce, zare tiyon, kwance bawul ɗin, ka kaɗa shi kusa da kunnenka. Mai lafiya za ka ji yana ƙas-ƙas. Idan ka ji shiru, ko ka ga baƙin datti kamar kwalta ya like bakinsa, to ya mutu. Sannan ka lanƙwasa tiyon a hannunka. Zafin ƙasarmu yana busar da roba, sau da yawa ta ƙarƙashi yake tsagewa inda ido ba ya kaiwa, sai ka lanƙwasa tsagar ta buɗe baki.

Wajen saye, a nan kam ban yarda da na Beljiyam ba. Tsohon bawul da aka ciro daga wani inji, da nasa dattin zai zo maka. Sabo na daga cikin mafi arahar kayan inji, ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon a hannunka don a gwada maka zaren daidai. In aljihu ya yi ƙunci sosai, wanke shi da feshin wanke kafireta zai iya kai ka ƙarshen wata. Wajen ɗaurawa ka fara murzawa da hannu kafin ka sa sifana, domin murfin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda a wasu gareji ake cusa ƙusa a tiyon a ɗaure da waya, wai an yi maganin shan mai. Wannan kashe inji ne a hankali. Wasu kuma su bar tiyon a sake, ƙurar hunturu tana shiga kai-tsaye ba ta bi ta matata ba. Haka nan zuba mai kauri irin 20W-50 don a ɓoye matsalar, alhali 5W-30 Toyota ta rubuta wa injin nan.

Bayan ka canza, cika mai zuwa layin sama na sandar awo, ka riƙa dubawa duk safiya har ka yi kilomita 1,000. Idan rawar ba ta tafi ba kuma kwamfutar gwajin mota ta nuna lambar P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa, a duba gaskit ɗin hanyar shigar iska, Corolla ta waɗannan shekaru ta yi suna da wannan. Idan kuwa shuɗin hayaƙi yana fita ta salansa duk lokacin da ka taka totur, mai yiwuwa makanikinka yana da gaskiya. Ko a nan ma, ka ce ya auna matsin kowace silinda a gabanka, ka ga lambobin da idonka, kafin ka ba da kuɗin ringi.