Amsa: idan an soke wanda ya ci magajin gari, na biyu ake ba kujerar?

Ɗan uwa tambayarka kan ko na biyu ake miƙa wa kujera in kotu ta soke wanda ya ci, gaskiya ba dole ba ne, ya danganta da dokar wurin da kuma dalilin sokewar.

Duba Tower Hamlets da ke Landan. Lutfur Rahman ya ci zaɓen magajin gari a 2014, wasu masu zaɓe suka kai ƙara, a Afrilun 2015 kotun zaɓe ta same shi da laifin karya dokokin zaɓe ta rushe zaɓen gaba ɗaya, ta kuma hana shi takara shekara 5. To ka ga John Biggs na jam'iyyar Labour shi ne ya zo na biyu amma ba a ce masa zo ka hau ba, sai da aka sake sabon zaɓe a watan Yuni ya shiga ya ci da ƙuri'arsa. Shi kuma Rahman da wa'adin hana shi takara ya ƙare ya dawo ya sake ci a 2022.

A Najeriya kuwa daban ne, ka tuna Bayelsa a 2020, ana gobe rantsar da David Lyon a matsayin gwamna Kotun Ƙoli ta soke takararsa saboda takardun mataimakinsa, aka ba Douye Diri da ya zo na biyu.

Ni dai wallahi sake zaɓen ya fi kwanta min, talaka ya sha rana a layi ya zaɓi wanda yake so, bai kamata laifin ɗan takara ya sa a ɗora masa wanda ya ƙi ba.