Amsa: yaron da aka yi wa ɗori a gwiwar hannu

Malam, ka ce yaronka ya faɗo daga bishiyar mangwaro, mai ɗori ya ɗaure gwiwar hannun da karare, yanzu yatsu sun kumbura. Don Allah a kwance ɗaurin nan yanzu. Danna farcensa: in jan bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ko ya ƙwalla ihu da ka miƙe masa yatsu, jini ba ya isa hannun. Cikin awa 6 nama kan fara mutuwa, har ta kai ga yanke hannu.

Daga Ringim ku wuce Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, kada yaron ya ci komai saboda allurar barci da za a iya yi masa kafin aiki. In ƙashin ya karye ya goce, galibi siraran ƙarafa 2 ko 3 ake soka masa, a zare bayan mako 3 zuwa 4.