Layin dogo bai ci gonarmu ba, to mun tsira ke nan?

Tambaya: Malam, gonarmu na gefen layin dogon Kano zuwa Maraɗi, ta ɓangaren Daura. Ko taku ɗaya ba a ci mana ba, sai dai akwai ramin da aka ɗebi ƙasa kusa da mu. Wani ya ce illa ce "ta wucin gadi", mu kwantar da hankali. Baba kuwa ya kasa barci. Yaya ake rarraba illolin nan?

Amsa: Ɗan'uwa, Baba ya fi mai maganar nan hangen nesa.

Dokar tantance tasirin muhalli ta 1992 ta sa sabon layin dogo cikin ayyukan da tilas a yi wa cikakken bincike, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba rahoton. Layi mai kimanin kilomita 284, da ya ratsa Kazaure, Daura, Katsina har Jibiya, ba wasa ba ne. Kowace illa ana tambayarta: kai tsaye take ko a kaikaice? Lokacin gini ce ko bayan jirgi ya fara zirga-zirga? Tana gyaruwa? Tana taruwa da wasu ta girma?

Inda nake gajiya da mutane shi ne wannan "wucin gadi". Ƙurar tifa da ƙarar injin, e, suna tafiya ranar da ma'aikata suka kwashe kayansu. Rami fa? Haƙarsa ce ta wucin gadi, shi yana nan daram sai an cike shi ko an kwantar da gaɓarsa. Damina ɗaya ta isa ya zama kududdufi mai tsayayyar gaɓa, sauro ya samu gida, yara su mai da shi wurin wanka, saniya ta zame ta kasa fita. Na sha tsayawa bakin irinsa, ruwa kore shar, gefe yana zaftarewa yana cin gonar da ba ta cikin lissafin diyya. Amma kullum sai ka ji wani mai "na ji an ce" yana zaune a majalisa yana cewa tunda ba a auna gonarka ba, babu ruwanka. Wa ya ce masa ruwan sama yana bin igiyar awo? Tudun da ake cikowa a ɗora layi, in kwalbati ta yi kaɗan, sai gona ta sama ta nutse, fadamar ƙasa ta bushe. Haka in aka datse burtali, shanu ta gonar wani za su bi, rigimar kuma a fadar dagaci za ta ƙare, ba a ofis ba.

Ana baje rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su duba, mu kuma sai lissafin kuɗin kuka da gawo muke yi. Ku je da mai unguwa, ku nemi shirin kula da muhalli na aikin, ku ga inda aka rubuta wanda zai gyara ramin da lokacin. Ku ɗauki hotonsa yanzu, ku sake ɗauka a watan Agusta.