Awakin maƙwabta sun hana ni cin moriyar garkata: mene ne mafita?

Tambaya: Malam, ni uwargida ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Akwai kango a jikin gidanmu, na yi ƴar garka a ciki, na zuba salati, tumatir da yakuwa, na dasa zogale. Na kewaye da karan hatsi, amma sau uku awaki suna shiga suna cinye komai. Ba ni da kuɗin gina katanga, kuma ba na son faɗa da maƙwabta.

Amsa: Hajiya, sannu da haƙuri. Na san zafin wannan ɓarna, mutum ya yi wata biyu yana jan ruwa safe da yamma, akuya ta share aikin cikin rabin awa.

Mu fara da sanin wadda muke fama da ita. Jar akuyar Maradi da muke alfahari da ita saboda kyan fata da yawan haihuwa, ba ta kiwo da kai a ƙasa kamar tunkiya. Ganye take nema, tana miƙewa kan ƙafafun baya ta kamo reshe, tana goga jiki a danga har ta sami inda ya yi laushi. Kuma lokacin da garka ke yin kyau, daga sanyi zuwa bazara, shi ne lokacin da aka saki gonaki, ciyawa ta bushe, babu wani kore a unguwa sai naki. Dangar kara kuwa, a wurin akuya mai yunwa ita ma abinci ce, ga gara tana cin gindinta.

Abin da na fi gani a garkunan da nake zagayawa, daga Tarna har Jiratawa, shi ne mutane suna damuwa da tsawon shinge su manta da ƙasansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan akuya ne ke fara kutsawa ta ƴar kafa a ƙasa, uwar ta biyo kukansa ta faɗaɗa wurin. Don haka gobe da safe ki zagaya dangar, ki duƙa ki duba duk inda haske ke ratsowa daga ƙasa. Ki sa a haƙa ɗan rami kamar taƙi ɗaya, a binne gindin karan a ciki, a yi tanka biyu ko uku a ɗaure tamau. Daga waje a jera ƙayar magarya ko ta bagaruwa, mai kauri, yadda akuya ba za ta iya matsowa ta jingina ba. Sai dai a nemi rassan da aka sassabe, kada a sare itace ɗanye, jami'an gandun daji ba sa wasa da wannan.

Idan hali ya samu, ragar waya ta fi. Ki nemi mai tsawon mita 1.5, mai ƙananan idanu, domin mai manyan idanu akuya na zura kai ta maƙale da ƙaho. A kafa dirka duk bayan mita 2, a shafa wa gindin baƙin mai saboda gara, a binne leɓen wayar a ƙasa. Ba dole ne ki saye ta gaba ɗaya ba. Ki fara da ɓangaren da ke fuskantar hanya, sauran su jira zubin adashe na gaba.

Ƙofa kuma ita ce ke kunyata mutane da yawa. An kashe kuɗi an yi shinge, sai a kare ƙofa da tsohuwar tabarma, ko yaro ya shiga ban ruwa ya fito ya bar ta a buɗe. Ki sa a yi ta da langa-langa, a ɗaura mata robar tayar babur yadda za ta riƙa rufe kanta, kuma ta riƙa buɗewa ta waje, don in dabba ta tura sai ta ƙara rufuwa.

Shawarar da na fi ƙauna ita ce shinge mai rai, wanda kakanninmu suka yi ta iyakance gonaki da burtali da shi. Aguwa ce kan gaba: bisashe ba su damu da ita ba saboda farin ruwanta, kuma ba ta bukatar ban ruwa. Ana yanko reshe kamar kamu ɗaya, a bar shi ya sha iska kwana biyu, a kafa shi kusa da kusa a ƙarshen rani, wajen Afrilu ko Mayu. In aka jira damina ta zauna, ruɓewa yake. A kula da ruwanta kada ya shiga ido. Lalle ma yana yin shinge mai kyau, ga kuɗin ganye, amma yana ƙarami sai an kare shi. Bini da zugu ba na ba da shawararsa a gidan da ke da ƙananan yara, ƴaƴansa guba ne. Shinge mai rai yakan ɗauki damina biyu zuwa uku kafin ya haɗe, don haka ki dasa shi ta cikin dangar da kike da ita yanzu. Zogalenki kuma ki matsar da shi aƙalla mita ɗaya daga shinge, in ba haka ba za su riƙa cin sa ta sama.

Game da maƙwabta, ina roƙonki kada ki bari yara su jefi dabba ko wani ya ba ki shawarar sa magani a ganye. Akuyar nan wataƙila ita ce dukiyar wata mata irinki, kuma in ta mutu ke za ki koma mai biya. In kin kama ta a ciki, ki ɗaure ta a inuwa, ki ba ta ruwa, ki kira mutum biyu su ga ɓarnar, sannan ki aika wa mai ita. In abin ya maimaitu, maigida ya kai magana wurin mai unguwa. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi a fara neman sulhu a gaban sarakunan gargajiya kafin a je kotu, kuma yawanci a nan maganar ke mutuwa. Da yawa daga masu awaki sukan yarda su ɗaure su a turke in an yi musu alkawarin ganyen da aka cire da ciyawar da aka nome daga garkar.