Amsar tambayarki kan mawaƙin ranar rantsar da shugaban Amurka

'Yata na ga saƙonki tun jiya, caji ne ya ƙare min. Kin ce kin ga bidiyon yarinyar nan Amanda Gorman tana karanta waƙa ranar rantsar da Biden a 2021, kina tambaya wai ko al'adarsu ce ta kaka da kakanni irin yadda makaɗan fada ke yi ranar naɗin sarki. A'a, abin jiya-jiya ne, ba kowane shugaba ke yi ba ma, kuma ba taushi ba kotso ba liƙi, mutum ne kawai da takardarsa.

Wani dattijo ne ya fara, Robert Frost, a Janairun 1961 da Kennedy ya gayyace shi. An haife shi a San Francisco a 1874, yana ɗan shekara 11 uban ya rasu, uwar ta kwashe su zuwa Massachusetts. Kakansa ya saya masa gona a New Hampshire yana kiwon kaji yana ɗan koyarwa, rubutu sai dare, amma masu buga littafi a ƙasarsu ko kallo bai ishe su ba. Ƙarshe dai ya sayar da gonar ya kwashi iyali sai Ingila a 1912, can aka buga littafinsa na farko a 1913 yana dab da shekara 40. Ya dawo gida a 1915 kowa na rububinsa, kin san halin mutane, sai an yaba naka a waje. Sau 4 yana cin kyautar Pulitzer, babbar kyautar marubuta a Amurka.

Ranar rantsarwar nan fa yana da shekara 86, ya rubuto sabuwar waƙa musamman, ga sanyi ga iska tana kaɗa takardar, ga rana ta haske dusar ƙanƙara tana kashe masa ido, ya fara karantawa yana ta sassarƙewa, har mataimakin shugaba Johnson ya miƙo hularsa zai yi masa inuwa, ina! Tsoho sai ya haƙura da takardar ya ɗago kai ya kawo wata tsohuwar waƙarsa da ka, tiryan-tiryan kamar gardi na tilawa. Wallahi nan ya burge ni, ba don haddar ba da an ji kunya.

Ya rasu a 1963, kuma ba a sake kiran mawaƙi ba sai 1993 da Clinton ya kira Maya Angelou, wadda ta taɓa zama a Accra. Ki gaida mamanki, ki ce mata ina nan tafe ranar Juma'a in Allah Ya yarda.